Ranar da Malama Solay Ta Kare Kasafin Shinkafa

Duk wanda ya san Dakta Consolacion Abrenica ya san ba a halicce ta don raɗa ba. Shekara ashirin ta yi tana koyar da aikin gona a jami'a ba ta taɓa neman lasifika ba, har ana cewa ɗaliban ajin da ke makwabtaka da nata sun fi nata gane darasin, don su yana isa kunnensu daidai wa daida. Da shugaban ƙasa ya naɗa ta shugabar gidan ajiyar irin shinkafa, ma'aikatan wurin suka daina damuwa da gyaran wayar ofis. Malama Solay kowa ke kiranta.

To yau ga ta a zauren majalisar wakilai a Manila, zaune a kujerar baya da tulin takardu a cinya, an ce ta ja bakinta ta yi shiru. Ka'idar ke nan ranar kare kasafi. Zauren na zaɓaɓɓu ne, wanda aka naɗa ba ya magana a ciki. In an yi tambaya, sai ta sunkuya ta raɗa wa ɗan majalisar da ya ɗauki nauyin kasafin hukumarta, shi kuma ya faɗa wa zaure kamar daga cikinsa maganar ta fito.

Kuma duk cikin 'yan majalisa a rasa wanda za a ba ta sai Domingo Macaraeg. Shi ne ɗalibin da ta taɓa kora daga ɗakin jarrabawa saboda ta kama na bayansa yana raɗa masa amsa. Yanzu ya yi tumbi, ya sha farar rigar barong da ta ji guga, yana ta murmushi tun safe.

"Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, "yau fa doka ce ta ce ki ba ni satar amsa. Kowa na kallo, ba mai korata."

"Doming, juya ka kalli gabanka."

"To, Malama. Amma don Allah a tausaya wa kunnena, guda biyu ne kacal."

Ba ta yi dariya ba, don ba wasa ya kawo ta ba. A gidan ajiyar akwai ɗakin sanyi mai irin shinkafa kala dubu huɗu, waɗanda aka bi ƙauyuka da tsaunuka aka tattaro, da yawansu manoma sun daina shuka su. Injin da ke sanyaya ɗakin ya tsufa, tari yake kamar tsohon mashayin taba. Sabon injin yana cikin kasafin nan. In aka soke shi, zafin bazara mai zuwa zai gama da ɗakin.

Ita ma dai ta ƙara wa kanta aiki. A watan Mayu ta shiga gidan rediyo ta ce 'yan majalisa ba sa gane shinkafa sai ta zo a faranti da soyayyen kifi a gefe. Jama'a sun yi dariya, 'yan majalisa kuwa suka ajiye maganar a aljihu suna jiran Satumba, watan kare kasafi.

Da safe, suna shan kofi da burodi a farfajiya, Doming ya yi mata nasiha. "Malama, shugaban ƙasa ya ba ki kujera, amma lalitar tana hannunmu. Ki ba su haƙuri kawai a wuce wurin."

"In sun hana ni sai in kai su kotun ƙoli."

"Kai su mana. Alƙalai za su karɓe ki da mutunci, su ba ki rana bayan shekara uku, sannan su gaya miki rabon kuɗi aikin majalisa ne. Injin naki zai jira?"

Ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Wajen ƙarfe uku na yamma aka kira hukumarta. Wata 'yar majalisa ta miƙe daga ɗaya ɓangaren, dattijuwa gajera mai furfura, Remedios Paglinawan, wakiliyar wani ƙaramin tsibiri. Ta gyara tabarau ta ce tana da 'yan tambayoyi, in mai girma Macaraeg zai daure.

"Da farin ciki, ranki ya daɗe."

"Wannan ɗaki da ake sanyaya wa shinkafa, alhali asibitin garinmu ko fanka babu, me yake tsinana wa ƙasa?"

Malama Solay ta sunkuyo. "Gaya mata duk shinkafar da ta ci ta yi wannan kumatun daga irin da aka ajiye ta fito."

Doming ya gyara murya. "Shugabar hukumar ta ce ta ji daɗin wannan tambaya mai zurfi. Ta ce irin da ke ɗakin nan shi ne madogarar manomanmu ranar da cuta ko ambaliya ta cinye na hannunsu."

Ta dungure shi da biro a baya. "Ba haka na ce ba!"

"Ta ƙara da cewa tana gaida mutanen tsibirinku," in ji Doming, ko gezau bai yi ba.

Matsalar ita ce raɗar Malama Solay irin wadda ake ji daga bakin ƙofa ce. 'Yan layi uku na gaba sun ji zancen kumatu, wani har ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Haka aka yi ta yi kusan rabin sa'a: ta zuba barkono a kunnen Doming, shi kuma ya fito da shi zuma. Ta ce tambayar ta 'yan aji ɗaya ce, ya ce tambayar ta taɓo tushen al'amari. Gumi ya jiƙa masa barong ɗin sharkaf.

Daga ƙarshe Remedios ta cire tabarau ta ajiye. "Ya shugaban majalisa, mai girma Macaraeg ya iya girki, amma na ga abin da ake miƙo masa ɗanye. Ina da ƙudurin a mayar da kasafin wannan hukuma peso ɗaya tak, kuɗin da ko alewa ba zai saya ba. Kafin in gabatar, ina roƙon a ɗage ka'ida, shugabar ta yi magana da bakinta."

Ba wanda ya ƙi. Wa zai ƙi kallo kyauta? Aka buga guduma, aka miƙo wa Malama Solay lasifika. Doming ya zauna, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

Ta miƙe da jawabinta a shirye, wanda ta yi wata huɗu tana wasa shi. Amma Remedios ta riga ta.

"Dakta, kin ce ba mu san shinkafa ba sai a faranti. Ni uwata a cikin taɓo ta haife ni, saura kaɗan. Ta yi dashe har bayanta ya ƙi miƙewa, haka muka binne ta a tanƙware. Ranar da kika yi maganar nan jikata ce ta kunna mini rediyon." Ta ɗauki tabaranta ta riƙe. "Tambaya ɗaya gare ni. Akwai wata jar shinkafa mai dogon gashi da muke kira dinalisay. Ita uwata ke shukawa. Yau shekara talatin ban gan ta a tsibirinmu ba. Tana ɗakin naki?"

Malama Solay ba ta buƙaci duba takarda ba. Ta san kwalbar, ta san layin da take. Jawabin da ta wasa ya bi iska, ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta ji ba tun tana yarinya.

"Tana nan, ranki ya daɗe, har watan Afrilu. Injin ya tsaya kwana tara a tsakiyar zafi. Kala sittin da biyu muka rasa, tana cikinsu. Haushin haka ne ya kai ni rediyo."

"Ko ƙwaya ɗaya?"

"Ɗari biyar na jera a kan jiƙaƙƙiyar auduga. Na jira sati uku. Ko ɗaya ba ta tsiro ba." Ta dubi Remedios ido da ido. "Na yi miki rashin kunya, ke da mahaifiyarki, ban san ku ba. Ki yafe mini, Yaya. Ba don injin na faɗa ba."

Wanda ya kifa kai ɗazu ya ɗago yana kallon silin. Remedios ta daɗe tana juya tabaranta a hannu kafin ta ce ta janye ƙudurinta, ba ta da sauran tambaya. Shugaban majalisa ya ɗaga guduma, sai Remedios ta sake matsowa kusa da lasifika.

"Dakta, matattun ƙwayoyin, kun zubar?"

"A'a. Suna cikin kwalbarsu. Na kasa."

"To ki kawo mini. Ranar ziyarar kaburbura ta kusa, zan kai wa uwata."