Akwatin da Aka Yi wa Kai

Shekara bakwai Dakta Ummakulsum ta yi tana koya wa wani akwati gane shadda. Akwati ne fa sosai, na ƙarfe, da kyamara biyu a gaba da allon kwamfuta a gefe. In aka shimfiɗa masa yadi, kafin mutum ya gyara tsayuwa ya faɗi ko na asali ne ko jabu, har da inda zare ya tsinke. 'Yan kasuwar yadi ta Kwari sun gwada shi da kaya iri-iri, ko sau ɗaya bai ba ta kunya ba. Laifinsa ɗaya, bai yi kama da komai ba sai akwati.

Sau biyu tana neman tallafi daga asusun gwamnati na binciken kimiyya, sau biyu ana amsa mata cewa kwamiti bai ga mutum-mutumi ba. Wannan karon shi ne na ƙarshe. Cibiyar da ta ba ta aron ɗaki a Fagge ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ba a samu tallafin ba, ɗakin zai koma sito, binciken kuma ya ƙare ke nan.

Ta kai kukanta wurin Celestine, mai shagon kayan wutar mota a Sabon Gari, wanda tun farko shi yake haɗa mata wayoyi. A unguwar aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ya sayar wa wani.

"Dakta, ke ma da wani abu," in ji shi. "Sun ce ba su ga mutum ba, ki ba su mutum mana. A yi masa kai."

"Oga Celestine, me kai zai yi? Ƙwaƙwalwar ai tana cikin akwatin."

"To su nawa ne a kwamitin za su leƙa cikin akwati?"

Ta san amsar, sai ta ce ya haɗa kan.

Bayan kwana uku ya kawo kan. Kwanon silba ne ya kife, ya liƙa masa fitilun sigina biyu a matsayin idanu. Da farko injin fanka ya sa a wuyan, sai kan ya riƙa juyawa hagu da dama kamar mai cewa a'a. Celestine ya dube shi ya ce wannan ko sisi ba zai samo ba. Ya cire, ya sa injin waifa, mai goge gilashin mota. Kan ya koma gyaɗawa sama da ƙasa, ba ya tsayawa sai an kashe. Babu waya ko ɗaya tsakaninsa da akwatin, ƙusa huɗu ne kawai suka riƙe shi.

Ranar Talata da hantsi kwamiti ya iso, mutum biyar. Shugabansu Alhaji Hamzat ne, tsohon babban sakatare, cikin babbar riga ta farar shadda sai ƙyalli take. Yana shigowa Celestine ya danna makunni. Alhaji ya yi sallama, kan ya gyaɗa. Alhaji ya juya ya dubi mutanensa.

"Kun gani ko? Yana da tarbiyya."

Daga nan ya shiga jawabi kan makomar ƙirƙirarriyar basira a ƙasar nan. Minti arba'in yana yi, kwanon silba bai saɓa masa ko sau ɗaya ba. Tun da ya yi ritaya bai samu mai sauraro irin wannan ba. Ummakulsum na tsaye riƙe da yadi goma sha biyu da ta tanada don gwaji, ba wanda ya ce ta shimfiɗa.

Ana cikin haka Alhaji ya dafa tebur, hannun rigarsa ya zubo daidai gaban kyamarorin. Akwatin, wanda ba a gaya masa komai game da manyan mutane ba, ya yi aikinsa. Allon yana fuskantar bango, ita da Celestine kaɗai suka ga abin da ya fito da jan rubutu: JABU.

Celestine ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗakin.

Daɗi ya riga tsoro isowa gare ta. Daga gefe, a rashin haske, a jikin mutum mai motsi, ya gane! Abin da ta kwashe shekara biyu tana fama da shi ke nan. In ta juya allon kawai, mutum biyar za su shaida. Sai dai ta san ba a taɓa gaya wa babban mutum a gaban na ƙasa da shi cewa rigarsa jabu ce, sannan a miƙa masa biro ya sa hannu ba. Ta matsa a hankali ta yafa gefen mayafinta a kan allon.

Da za su tafi, Alhaji ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa.

"'Yata, wannan na ƙasan fa?"

"Mazauninsa ne, ranka ya daɗe."

Tana faɗa ta ji kunyar kanta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Kan yana ta gyaɗawa.

Bayan wata biyu takarda ta zo. An amince. Kwamiti ya yaba da mutum-mutumi mai karɓar baƙi, yana son guda ashirin don a ajiye a ƙofofin ma'aikatu. Shawara ɗaya aka bayar: mazaunin ya cika nauyi, a sauya shi da na katako.

Ta karanta sau biyu a tsaye a shagon Celestine. Ɗakin ya tsira. Ta so ta yi kuka, amma ga mai sayen batir a gefenta yana ciniki. Ta naɗe takardar ta sa a jaka.

"Oga Celestine, za a samu injin waifa ashirin?"

"Ko ɗari kike so, Dakta."