Teku a Gaban Darduma

Niyas ya zuge labulen falon da ƙarfinsa, haske ya cika ɗakin. Ga teku nan shimfiɗe tun daga gindin benen har inda ido ya gaza.

"To, Sabura, tsakaninki da Allah," in ji shi, "a Nagore ɗinku akwai taga irin wannan?"

"A Nagore ba ma hawa bene don mu ga ruwa, Ikka. Shi yake zuwa ya same mu."

Ikka take kiran Niyas, mijinta. Ta yi dariya, amma iya baki ta tsaya. Kamfanin da take yi wa aikin gwajin jatan lande zai rufe ofishinsa na Bangalore, garin da ba shi da teku, an kuwa ba ta zaɓi: ko reshen Kozhikode a gaɓar yamma, garin mijinta, ko na Nagapattinam a gaɓar gabas, dab da Nagore inda aka haife ta. Yau kafin a tashi aiki ake son amsarta. Niyas dai tuni ya ba da tasa. Ya karɓi aikin koyarwa a Kozhikode, ya samo wannan gida, har ya fara rigima da mai fenti. Shekara takwas yana biye da ita a garin da ba ya so, bai taɓa goranta mata ba, sai dai in ya ci kifin Bangalore ya ja tsaki.

Mahaifinta, Wappa, yana zaune a kujerar roba kusa da ƙofa, rungume da jakarsa. Tsohon masunci ne, wanda a da muryarsa take danne ƙarar injin kwalekwale. Yanzu mantuwa ta cinye rabinsa. Wani lokaci ya gane Sabura, wani lokaci ya gaishe ta da ladabi kamar ma'aikaciyar asibiti. Likita ya ce a mai da shi kusa da abin da ya saba. Mata da miji suka ce ai shi ke nan, teku. Da iliminsu da komai, ba wanda ya tsaya tambayar wane tekun.

Kunjibi, mahaifiyar Niyas, ta shigo da butar baƙin shayi tana haki saboda matakala.

"'Yar nan, in kin koma gabas me za ki ci?" ta ce wa Sabura. "Ku da kuke zuba wa kifi tsamiya har ya manta shi kifi ne."

"Ku kuma, Umma, a hana ku kwakwa kwana biyu sai an kira motar asibiti."

Suna cikin haka aka kira la'asar. Niyas ya kama hannun Wappa zuwa banɗaki, ya naɗe masa hannun riga, ya zuba masa ruwan alwala kamar yadda yake yi kullum. Ya dawo ya shimfiɗa darduma tana kallon taga, don a nan alƙibla ta wajen ruwa take. Wappa ya tsaya a kai, ya karkata kai yana sauraro. Sai ya sunkuya ya juya dardumar, ya ba taga baya, ya tayar da kabbara.

"Innalillahi!" Kunjibi ta dafe ƙirji. "Niyas, ya ba Makka baya!"

Nan take Sabura ta gane. A Nagore teku yana gabas, alƙibla tana yamma, duk mai salla ruwa yana bayansa. Wappa bai taɓa tambayar alƙibla ba a rayuwarsa. Igiyar ruwa yake saurara, ya juya mata baya. Tun safiyar da teku ya tashi ya shigo gari ya ɗauke Zulaiha, mahaifiyar Sabura, tana tsakar shanyar kifi, Wappa ya sayar da kwalekwalensa, bai ƙara ɗaga ido ya dubi ruwan ba. Ba ya iya barci in bai ji ƙararsa ba, amma kallo ya haramta wa kansa. Ya sha cewa Allah ya yi masa rangwame guda, da ya sa alƙibla inda ba sai ya ga wancan ba.

Niyas ya dafa kafaɗar tsohon. "Wappa, a nan ta can ake kallo." Ya juya shi a hankali.

Wappa ya ga teku. Rana ta sauko kan ruwan, yana ta ƙyalli abinsa. 

"Ni? In sa goshina a ƙasa a gabansa?"

"Ba shi za ka yi wa ba, Wappa. Makka ce a bayansa."

"Ya dawo mini da Zulaiha tukuna."

Sabura ta ruga ta ja labulen. Wappa ya girgiza kai. "Yana nan. Ina jin numfashinsa."

Kunjibi ta sassauta murya. "Ku bar bawan Allah ya yi yadda ya so," ta ce, "ai an ɗauke masa alƙalami."

Amma maganarta ta farko ta riga ta shiga kunnensa. Ya juya ga bango, ya ɗaga hannu, ya sauke. "Waccan ta ce na ba Makka baya." Ya juyo wajen taga, ƙafafunsa suka ƙi. Ya sake komawa ga bango. Daga ƙarshe ya naɗe dardumar, ya zauna a ƙasa rungume da ita, yana kuka ba sauti. Sabura ba ta taɓa ganin salla ta wuce mahaifinta ba. Ko ranar da suke neman gawar Zulaiha, a cikin laka ya yi ta. Baƙin cikin da ya tokare Sabura yanzu ya fi ƙarfin hawaye.

Ta fita kan matakala. Niyas ya biyo ta ya ja ƙofar.

"Mu nemi gida can cikin gari," ya ce, "inda ba a jin ruwa."

"Bangalore ke nan da wani suna. Kai ka fi ni sanin yadda yake bushewa a can."

"To ya saba. Mutum yana sabawa."

"Da me zai saba, Ikka? Abin da aka faɗa masa da safe ba ya kai azahar. Sau biyar kullum za mu yi wannan da shi."

Niyas ya jingina da bango, ya shafa fuska. "Ba zan iya zuwa Nagore ba, Sabura. Na ɗauki alkawarin makarantar nan. Ga Umma, kin ji yadda take haki."

"Ban ce ka zo ba."

"Na sani. Shi ne ya fi ci mini rai."

Tsakanin gaɓoɓin biyu kwana guda ne a jirgin ƙasa. Ya faɗa, ita ma ta maimaita: a zo da salla, a zo da hutu. Dukansu sun san ma'auratan da suka fara da irin wannan lissafi, sun kuma san inda suka ƙare. Tana son mutumin nan, tana son tagar, har tsokanar Kunjibi tana so. Ta ciro wayarta ta kira ofis. Da aka ɗauka ta ce, "Nagapattinam," aka yi mata murna, ta yi godiya.

Da suka koma ciki Kunjibi tana tattara kofuna, ba ta dubi kowa ba. Niyas ya ta da Wappa ya zaunar da shi a kujera, ya durƙusa a gabansa da takalmansa.

"Zo ki gani," ya ce wa Sabura. "Na hagun sai kin sassauta igiyar, ƙafar tana kumbura da yamma. In ya ƙi magani kada ki yi masa gardama, ki ce Zulaiha ce ta aiko."

Ta durƙusa kusa da shi. Duk shekarun nan ba ta san ƙafar tana kumbura ba.

"Wappa," ta ce, "za mu koma Nagore."

Fuskar tsohon ta washe, har ya nuna sauran haƙoransa. Ya dube ta da ladabi ya gyaɗa kai, sannan ya miƙa hannu ya damƙi na Niyas da kyau.

"Ka ji ko, Niyas? Tashi mu tafi gida. Ka ce wa yarinyar nan ta ɗauko mana jaka."