Ɗakin Shosho Nyaguthii

Tun da aka faɗa wa maƙwabciyarsu Shosho Akumu (Shosho, wato kaka) ɗaki da rana tsaka aka karya mata haƙarƙari biyu, Gathogo ya kafe sai uwarsa, Shosho Nyaguthii, ta bar unguwar Korogocho. Ya ce gidansa na garin Thika akwai katanga, akwai kare. Ita kuwa Shosho Nyaguthii shekararta talatin da ɗaya a ɗakin kwanon nan, a ƙofarsa take gasa masara. Ta ce ba inda za ta.

Kowace Laraba tsofaffin unguwa ke taruwa a zauren coci, wata ƙatuwar mace mai suna Adhiambo tana koya musu kare kai. Ta riƙe buhun tsumma, su yi ta dakansa da gwiwar hannu da tafi. Nyaguthii ta iya duka. Ihu ne ya gagare ta.

"Shosho, wannan a'a taki ko kaza ba za ta kora ba," in ji Adhiambo. "Murya ce farko. Duka don ki sami hanyar gudu ne kawai."

"Ƙyale ta," in ji Akumu daga kan benci, dafe da ƙirji. "Aikatau ta yi a gidan manya. Can ko tari sai da izini."

Aka yi dariya. Nyaguthii ba ta yi ba, don gaskiya ce.

Da ta dawo, ta tarar da kurar ɗaukar kaya a ƙofarta. An ɗora gado, an ɗora katifa, har murhun masarar. Gathogo na tsaye, mai kura na ɗaure igiya.

"Wa ya buɗe maka?"

"Mama, kada mu yi wannan a titi."

"Kai ka fito da gadona titi."

"Shekararki saba'in da biyu. Don kina dukan buhu sai ki ga kin zama soja? Buhu ba ya ramawa."

"A nan in na faɗi, ƙofa goma za su buɗe. A Thika wa ya san ni? Karenka?"

Ya kama wuyan hannunta, irin riƙon da ake yi wa yaro a bakin kwalta. Ba mugunta a ciki. Shi ya fi yi mata zafi.

Ta murɗa hannun ta wajen babban yatsansa, ya suɓuce. Ta ja da baya taku ɗaya, ta ɗaga tafukanta.

"A'A!"

Ita kanta sai da ta firgita. Ƙofofin kwano suka fara buɗewa. Wata ta busa usur. Tsofaffi suka fito da sanduna, suka kewaye Gathogo. Samarin wurin wankin mota suka sheƙo, ɗaya da dutse a hannu.

"Ajiye shi, kai mai kan kwarya," in ji Akumu, tana nishi. "A nan ba a duka. Kallo ake yi."

Ya ajiye.

"Ɗana ne," in ji Nyaguthii. "Kowa ya gan shi da kyau. Ya zo ɗaukata, na ce ban zuwa."

Gathogo ya dubi fuskoki. Rabinsu sun goya shi yana jariri. Idonsa ya kaɗa.

"Ranar da aka kira ni daga asibiti fa, Mama?"

"Sai ka zo. Kafin nan ka zo ran Lahadi, zan dafa wake da masara. Amma ba da kura ba."

Ya juya, ya bi lungu, bai waiwaya ba. Ta bi bayansa da ido har ya sha kwana.

"To ni fa, Shosho?" in ji mai kura.

"Kwance igiyarka."

Su huɗu suka ɗaga gadon, duk tsofaffi. Ƙafarsa ɗaya ta maƙale a bakin ƙofa.

"Ku karkata shi," in ji Nyaguthii. "A karkace ya shiga tun farko."