Shamuwar Ƙarfe

Ikrima mai walda yana sa ƙafa a gidansu na Miri ya ji ƙarar bugun ƙarfe. Shamuwar ƙarfen da ya ƙera ce, wadda ya kafa kan dogon bututu a tsakar gida. Da tankin babur da kwanon rufi ya haɗa ta, iska na juya farfela, ita kuma tana kaɗa fikafikai sannu a hankali kamar mai rai. Yau kuwa hadari ya haɗo daga gabas, fikafikan na bugawa kamar za su tsinke.

Ai ya ja birki da safe! Birkin nan da abokinsa Istifanus injiniya ya tilasta masa sawa, yana ta ƙunƙuni wai zai ɓata wa tsuntsuwa kyau. Sai ya hango hannun birkin a ƙasa, rago na jan sa. Mahaifiyarsa ce, Hajja Yagana, wadda ba ta ganin ƙarfe a tsaye ta ƙyale. Nan ta ɗaure ragon layyarta, shi kuwa ya ji tsawa ya fizge.

Ga ta can kusa da gindin bututun, ta tayar da sallar la'asar.

"Hajja! Hajja, ki kauce!"

Ina! Kunnenta ya yi nauyi, ko ta ji ma, Hajja ba ta yanke salla don ɗan Adam. Noti ya faɗo gefen tabarmarta. Fiffiken hagu ya soma lilo daidai kanta, ga kaifi kamar adda. Ikrima bai taɓa jin tsoro irin wannan ba. Kafin ya kai gare ta, fiffiken zai riga shi.

Wayar da ke riƙe da bututun ta gabas tana ɗaure a turke kusa da ƙafarsa. Ya ɗaga gudumar da ke hannunsa ya make turken. Iska ta ƙarasa aikin. Shamuwa ta karkata yamma, ta tsallake katanga, ta ragargaje a gona.

Hajja ta sallame, ta juyo ta daɗe tana kallon wajen.

"Kai ka kayar da ita?"

Ya gyaɗa kai.

"Ni da ba na jin komai," in ji ta, "motsinta nake ji ta ƙasa in na zauna. Shi ya sa nake salla a nan."

Ikrima ya durƙusa ya kama ƙafarta, kuka ya ƙwace masa.