Kuka a Tsakiyar Ruwa

…kuma na riga na gama fa, Baba. Da kana raye da ka ga yadda na cika shafuka ina kafa hujja. Gobe zan miƙa wa Malam Abdulganiyu sharhin nan, in tsaya gaban aji in karanta waƙar da bakina, in kare abin da na rubuta. Kwas ɗin da ya kayar da ni bara. In ya sake kayar da ni, ƙawayena su fita, ni Hamdiyya in ƙara shekara.

Ɗango ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Ɗaya tal.

"Mun bar kuka a tsakiyar ruwa."

Na ce bishiya ce. To mene ne in ba bishiya ba? Waƙa a kan mutanen da ruwan Tiga ya ci ƙauyukansu, irinku. Kai da kanka ka sha ba ni labarin kukar bakin kasuwarku, wadda ake ɗaure jakuna a gindinta. Ka ce kana yaro, bayan an tashe ku, masunta kan wuce ta kanta a kwalekwale. Shi na rubuta: mawaƙin yana makokin abin da aka baro, waƙar baƙin ciki ce daga farko har ƙarshe. Har da ja wa hujjar layi da jan biro, kamar wata farfesa.

Sai yanzu, ina gwada karantawa a tsakar gida, harshena ya zame… kuka. Na hawaye.

Mun bar kuka. Wato mun daina.

Ikon Allah! Ashe yana iya zama cewa yake sun share hawaye? A can tsakiyar ruwan, a cikin kwalekwale, suna jefa komar kamun kifi, suka haƙura? Ruwan da ya cinye gonarku shi ya ba ka tumatirin rani, shi ya biya mini makaranta. Ka taɓa dariya a bakin kwatar ban-ruwa, ƙafarka duk taɓo, ka ce... me ma ka ce? Na manta. Dariyar kawai nake ji.

Ko kuwa kukan ne suka baro a can ƙasa, yana nan har yau, ba mai jin sa sai kifi?



In auna kari — ba ya raba gardama. Gaɓa biyu nan, gaɓa biyu can, duk masu nauyi. In nemi jinsi, ya toshe hanya. Bai ce kukarmu ba, bai ce kukanmu ba. Harafi ɗaya da ya ƙara, da na huta. Bai ƙara ba. Da gangan? Mawaƙin wani dattijo ne daga wajen Kiru, ko sunansa babu a takardar, ya rasu, ba wanda ya ɗauki muryarsa. Ya san takarda ba ta da murya. Ya zauna ya ɓoye bishiya da hawaye a haruffa huɗu, ya tafi abinsa. Wane irin mutum ne wannan?

Malam kuwa ba ya son kame-kame. Ɗauki matsayi ɗaya ki tsaya a kai, haka yake cewa kullum, yana buga tebur. A rubuce zan iya laɓewa. A baki fa? Murya ba ta iya tsayawa a tsakani. Ko ta sauka a ƙarshen kalmar, bishiya ta tsaya. Ko ta zauna a sama, hawaye ya zubo. Duk wanda na furta, na kashe ɗayan.

Ga Inna Maimuna can a inuwa, mahaifiyarka, tana tsince shinkafa a faifai. Ita ta goyo ƙanenka ranar tashin. Ba ta taɓa cewa ta yafe wa ruwan ba. Ba ta taɓa cewa ba ta yafe ba.

Bari in karanta da ƙarfi, yadda zan yi gobe. Duk abin da ya fito, shi ke nan.

Mun bar…

Ya fita. Na faɗa.

Hannun Inna ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta ɗago ba. Ta ji, ita ta san wanda ta ji — ni da na furta ban sani ba, Baba. Kuma ba zan iya tambayarta ba…