Gajeren Fiffike

Shekara talatin da huɗu na yi a kan keken ɗinki kafin idona da bayana su haɗa baki su sallame ni. Halin tela dai bai sake ni ba: ba na iya ganin abu a karkace in kau da kai. Ko a layin asibiti, in na hango labule ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo, raina a ɓace yake har a kira ni.

Ni kaɗai nake zaune a ɗaki biyu, a saman wani shagon gyaran waya. Maigidana ya rasu, ɗana guda kuma yana aiki a wata ƙasa mai nisa, yakan kira ran Lahadi in bai manta ba. Sauran ranaku, in ban da rediyo, babu mai yi mini magana. Shi ya sa da Malamar ɗakin karatun unguwarmu ta ce tana neman mai taya ta aikin hannu da yara duk Asabar, ban bari ta rufe baki ba.

Malama kan tara yaran a kan darduma ta karanta musu littafi, in ta gama su zo tebur mu haɗa wani abu daga cikin labarin. Lokacin da take karatun ni ina lungu na ba su baya, ina fitar da awo a kan kwali ina yankawa. Haka na saba a shago, kafin mai kaya ya zauna na gama shiri. Wata uku ina zuwa, ban taɓa jin labari ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

A cikinsu akwai wata 'yar shekara shida da nake kira Mai Giɓi, don haƙoranta biyu na gaba sun fita. Gwaggonta ke kawo ta, ta ajiye ta a ƙofa ta wuce. Sauran yara rububin kujerun kusa da Malama suke yi, ita kuwa sai ta jawo tata ta manna da tawa har gwiwarta na taɓa ni. "Kaka, miƙo gam," kusan ita ce duk hirarmu. Amma ba zan ɓoye ba, saboda wannan 'yar gwiwar nake goge kayan Asabar tun ran Alhamis.

Da sanyi ya ja baya, itacen bakin taga ya fara toho, Malama ta zaɓi littafin wani tsuntsu. Na yanka fukafukai bibbiyu, kowanne daidai da ɗan'uwansa, na kawo tsofaffin maɓallai daga gida don idanu. Ana cikin liƙe-liƙe sai na ga Mai Giɓi ta ɗauki ƙaramin almakashin yara ta datse fiffike ɗaya kusan rabi.

"Ƙawata, kin ɓata. Kawo in ba ki wani," na ce.

Ta girgiza kai, ta kife hannu a kan tsuntsunta. Na ƙyale ta, amma abin na cina. Malama ta ce a bar su gam ya bushe, mako mai zuwa kowa ya ɗauki nasa.

Bayan sun watse na tsaya share tebur. Tsuntsu goma sha ɗaya, ba wanda ba shi da aibu, wani ido a goshi, wani baki a wuya. Na daure na bar su. Na Mai Giɓi ne na kasa. Na ɓamɓare guntun fiffiken a hankali, na liƙa sabo, na sa tef na auna hagu da dama, suka zo cif. Na ɗaura masa zare na rataye shi a taga tare da sauran, har ina yaba wa kaina. A raina, cikin yaran nan duka ita kaɗai na yi wa gata.

Asabar ta zagayo, ta shigo da gudu ta nufi taga. Ta bi tsuntsayen da ido har sau biyu.

"Kaka, ina nawa?"

"Ga shi nan mai jan ciki. Na gyara miki shi."

Na sauko mata da shi. Ta juya shi gaba da baya, ta shafa sabon fiffiken da ɗan yatsa.

"Yanzu ba zai dawo ba," ta ce.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Kujerarta ta ɗauka ta kai ƙarshen tebur. Ranar ba ta nemi gam a wurina ba, kuma da gwaggonta ta zo ta bar tsuntsun a nan ta tafi.

Malama ta dube ni. "Mama, ba ki ji labarin ba ne?"

"Ina yanka."

Ta miƙo mini littafin. "Mahaifiyarta ta tafi aiki wani gari tun kafin sanyi. Yarinyar cewa ta yi za ta ba gwaggonta tsuntsun a aika wa uwar."

Na zauna a kujerar yara na sa tabarau. Shafi goma sha biyu ne kacal. Tsuntsu ne aka ƙyanƙyashe da fiffike ɗaya gajere. 'Yan'uwansa sukan miƙe sambal, su yi nisa har su manta hanya. Shi kuwa komai nisan da ya yi, gajeren fiffiken nan sai ya karkato da shi, ya kewayo kan reshen da ya bari. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Na ɗauki tsuntsun da ɗan almakashin nan mara kaifi. Hannuna ya laluba tef, na hana shi. Na datse fiffiken ba awo, yankan ya fita a karkace, na bar shi haka na mai da shi taga.

Asabar ta gaba Mai Giɓi ba ta zo ba. Ta gaba ma haka. Malama ta tambayi gwaggon, ta ce yarinyar ce ta ce ba ta so. Yanzu in an fara karatu nakan ajiye almakashi in zauna a gefen darduma, kujerar kusa da ni kuwa ban bari a ɗauke ba.

Ran Lahadi ɗana ya kira. "Mama, bana ma da wuya in samu zuwa," ya ce. Na ce ba komai, aiki ne. Na tuna yadda na raine shi, ko maɓalli bai taɓa fita da shi a karkace ba, kullum ina ce masa ya miƙe kada ya waiwaya. Ya kuwa ji maganata.