Shekarar da Aka Yanke Baraj

Ridwanu ɗan Tsamiyar Kori ne, wani ƙauye a karkarar Gangara. Shi kaɗai ne a gidansu ya yi lakol, karatun boko mai nisa, ya koyi aikin ruwa, aka ba shi buro, wato ofis, a Gazawa. Aikinsa shi ne zagaya ƙananan madatsun ruwa na yankin kafin damina, ya duba waɗanda za su riƙe ruwa da waɗanda ke neman fashewa.

Garinsu ma yana da tasa madatsar, wadda kowa ke kira baraj. Tudun ƙasa ne da aka tare ƙorama da shi tun Ridwanu bai san kansa ba. Mahaifinsu marigayi yana cikin waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka aka gina shi. Tun daga nan garin ya daina watsewa da rani. Aka yanka garake a ƙasan baraj, ana albasa da tumatir da tattasai, Fulani na shayar da shanu a ɗaya gaɓar, ana kama tarwaɗa. Sannu a hankali mutane suka riƙa saukowa da gidajensu kusa da garakensu, har unguwa guda ta zauna a cikin kwarin, dab da inda ruwa ke bi a da.

Gidan Nomau, wan Ridwanu, yana cikin unguwar. Nomau bai taɓa zuwa ci-rani ba. Garkarsa ta ishe shi, shi da matarsa Suwaiba da ƴaƴansu da mahaifiyarsu, Inna Larai.

Wata bazara, Ridwanu ya iso garin a kan moto mai ƙafa biyu da hantsi. Ya gaishe da Inna, Suwaiba ta dama masa fura tana tsokanarsa cewa ruwan famfo ya sa ya manta da gida. Da ya ce zai je duba baraj, Nomau ya saɓa hauyarsa ya ce, "Mu je tare, akwai abin da zan nuna maka."

Suka bi saman tudun. Ridwanu ya ga wata tsaga doguwa da hannu ke shiga cikinta. Ya ga shurin gara a gefen da ke fuskantar gari, ga bagaruwa ta yi saiwa cikin jikin ginin. Bakin simintin da aka yi don rarar ruwa ya riƙa fita, yashi ya cike shi, ƙarƙashinsa kuma ya zaizaye.

Nomau ya ja shi suka gangara gindin tudun, dab da garkarsa. Wani ɗan ruwa ne ke ɓulɓulowa daga ƙasa, Nomau ya yi masa hanya da hauya yana shiga kwamin albasa.

"Ka gani?" in ji shi, fuskarsa cike da fara'a. "Idon ruwa Allah ya buɗe mini. Tun sanyi ban ƙara ta da injin ban ruwa ba."

Ridwanu ya tsugunna, ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya tsaya yana kallo. Jar ƙasa ta kwanta masa a hannu.

"Yaya, tun farko haka yake zuwa da ƙasa?"

"Da fari garau yake. Kwanan nan ne ya fara yin ja. Me ya faru?"

"Wannan ba ido ba ne. Ruwan baraj ne ya huda ta ƙasa. Ƙasar da ka gani, cikin ginin yake kwasowa. Kullum ramin ƙara faɗi yake."

Nomau ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. "Shekara nawa yana tsaye? Sai bana?"

"In marka ta same shi a haka, ba zai kai kaka ba. Kuma ba sannu zai tafi ba, Yaya. Gaba ɗaya zai sauka kan gidajenku."

Ridwanu ya koma Gazawa yana fatan a ce ya yi kuskure. Ya dawo da wani babban injiniya daga Maraɗi, suka auna, suka tona, suka duba. Maganar ba ta canza ba. Gyaran babba ne, ba zai yiwu ba kafin ruwan sama. Abin da ya rage shi ne a yanke tudun ta gefe guda, a saki ruwan a hankali, a bar ƙorama ta bi hanyarta har ranar da za a samu halin sake gini.

Aka tara mutane a ƙofar mai gari bayan la'asar. Injiniyan Maraɗi ya ce Ridwanu ya yi bayani, tunda ɗan gari ne, za su fi jin tasa. Ya yi bayanin. Wurin ya kaure da surutu.

Jaye, wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke gaɓar tafkin, ya ɗaga sandarsa. "Malam Ridwanu, mu ba mu da gida a kwari. Shanu fa? Ina za su sha?"

"Baffa, ban da amsar da za ta yi maka daɗi."

"To yaushe za a gyara?"

"Ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Nomau ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. "Ridwanu, kai a ƙarshen wata kana da abin da za ka kai gida. Mu ruwan nan ne buronmu. Ka bar mu da Allah, mu cike tsagar da hannunmu, kamar yadda Baba ya yi."

"Yaya, tsagar da ake gani ba ita ce ke ba ni tsoro ba. Ramin da ke ciki ne, wanda hannu ba ya kai wa. Inna a ɗakin da ya fi kusa da shi take kwana."

Nomau ya dube shi, ya zauna.

Aka jira har aka cire albasa. Sannan katafila ta zo. Mutanen gari suka tsaya bisa tudu suna kallo, wasu mata na share hawaye da gefen mayafi. Ruwan ya yi kwanaki yana fita. Da ya ƙare, tarwaɗa ta riƙa birgima a cikin laka, aka kwasa a buhuna, aka ci har aka gaji, ba wanda ya ji daɗinta. Ridwanu yana wurin kullum har aka gama. Suwaiba ta ci gaba da kawo masa abinci, amma ta daina tsokanarsa.

Damina ta zo da ƙarfi. Wata rana cikin marka aka wuni ana ruwa tun safe har la'asar. Ƙorama ta kawo ja wur, ta bi ta wurin da aka yanke tana ruri, ta ɗauke wasu dangogi, ta wuce. Ko akuya ba a rasa ba. Ridwanu ya zo washegari ya ga inda ruwa ya kai a jikin tudun, ya san abin da zai faru da an bar shi a tare. Amma mutane ba su ga abin da bai faru ba. Wasu ma cewa suka yi, "To ga shi, har yanzu tudun yana tsaye."

Bayan kaka, kwarin ya bushe. Aka haƙa rijiyoyi a garake, ruwan ya yi nisa. Jaye ya kaɗa shanunsa ya yi kudu. Samari suka fara ɗaure kaya, sannan magidanta. Nomau ya jure har tsakiyar sanyi. Geron da ya noma ba zai kai su damina ba, kuma ya ƙi karɓar abin da ƙanensa ke aikowa sai dai a ba Inna.

Wata safiya ya biyo ta buron Ridwanu da jaka a kafaɗa. Zai tafi arewa, can bayan Agadas, wurin haƙar zinariya.

"Yaya, ka zauna. Zan nemo maka wani aiki a nan Gazawa."

"Gadi? Ko dako?" Nomau ya girgiza kai. "Rani ɗaya ne. Da ruwa ya sauka zan dawo in yi shuka."

Ridwanu ya raka shi tasha. Da kamyo, babbar motar da ya hau, ya tashi, Nomau ya leƙo ya ce, "Ka riƙa leƙa su Inna." Ya ƙara da cewa, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ji? Ban taɓa cewa ba."

Bai kai damina ba. Rami ya rufta da shi da wasu mutum biyu. Wani ɗan garin Cadawa da suke aiki tare ne ya kira Ridwanu a waya, ya ce an riga an yi musu sutura a can.

Ridwanu ne ya kai labarin gida. Suwaiba na daka a tsakar gida, da ta ga fuskarsa ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki. Inna Larai ta saurare shi har ya gama, ta yi salati.

A zaman makoki ba wanda ya ce masa komai, amma yana jin yadda hira ke mutuwa in ya matso. Da mutane suka ragu, ya shiga wurin Inna ya durƙusa.

"Inna, da na yi shiru, da yana nan."

"Da ka yi shiru, da wa zai zo ya yi mana gaisuwa, mu duka?" Ta share ido. "Auta, na san ka yi daidai. Na sani a kaina. Zuciyata ce ba ta sani ba tukuna. Ka ba ni lokaci."

Sai bayan damina biyu aka zo gyara. Aka tone ramin, aka cire bagaruwa da gara, aka sake gina bakin siminti. Ridwanu ne ya tsaya a kan aikin har aka gama, kuma tafkin ya cika. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Jaye bai dawo ba.

Suwaiba ta koma gidan iyayenta bayan takaba, ta tafi da ƙananan yaran, ta bar manyan wurin kakarsu. Garkar Nomau ta zauna ba mai aiki. Ridwanu ya riƙa zuwa duk Asabar yana nomanta, duk da hannunsa bai saba ba. Inna Larai takan sa a kai mata tabarma gindin zogale, ta zauna tana gyara masa yadda ake dashen albasa. Wani lokaci takan yi kuskure ta kira shi da "Babba", yadda take kiran wansa. Ba ya gyara mata, amsawa yake yi.